Injin Niƙan Mushe Ekonomi

Allah ya yi wa Garhanga baiwa da Lurwanu. Mu dai ba mu san muna cikin duhu ba sai da ya dawo daga Abijan da tabarau da jakar hannu. Ya yi shekaru yana gadin ƙofar wani banki a can, yana ganin masu kuɗi suna shiga suna fita, saboda haka babu abin da ya ɓoyu gare shi a harkar dukiya. Kalma ɗaya ya riƙe a baki, ekonomi, wato tattalin arziki, har samari suka laƙaba masa Mushe Ekonomi. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, wai Mushe shi ne Malam da Faransanci.

Abin da ya fi damunsa shi ne rumbun tsimin gidansu, wannan ƙaton rumbun laka da mahaifinsa ya bari cike da gero, wanda ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci. Kullum ya wuce sai ya harare shi.

"Wanga ba rumbu ba ne, kabarin kuɗɗi ne," in ji shi a majalisa. "Hatsi shina kwance shina barci, ba riba. Ni Lurwanu ina da tsari na shekara goma."

Bayan girbin 1983 ya fasa rumbun, ya sayar wa 'yan kasuwar Madawa, ya sayo injin niƙa. Matarsa Furera ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, in ruwa sunka ƙi zuwa hwa, mi za mu ba yara?"

Ya cire tabarau ya dube ta da tausayi. "Furera, mai inji ba ya yunwa. Duk matar garin ga sai ta kawo mini hatsinta."

Ranar buɗe inji aka yi shagali. Ya yanka rago, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Faransanci. Da itacen girki ya ƙare, sai ya sa aka faskara turmin Furera aka hura wuta da shi. Ya ce zamanin daka ya wuce, kuma yana so tarihi ya shaida a gidansa aka binne shi. Mun tafa, gaskiya, don naman ya yi daɗi.

Inji ya yi ta ƙara har farkon bazara. Mushe ya sa aka kafa masa kujera a bakin rumfar injin, yana ba masu wucewa shawarar da ba su roƙa ba.

Sai damina ta 1984 ta zo. Hadari ya taso sau da yawa, iska ta kwashe shi. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Gidajen da suka bar rumbunsu yana barci suka tashe shi, suna ɗiba kaɗan-kaɗan. Kowace mace ta koma dakan ɗan abin da za a ci yau, domin babu mai kai tafi biyu na hatsi ga inji, balle ta biya kuɗin gazwal, man da injin ke sha. Tsarin shekara goma ya tanadi komai, in ban da hatsin da za a niƙa.

Abin dariya ne, amma ni kukan yaran Furera da nake ji ta bayan danga ya hana ni yin ta.

Mushe bai karaya ba. Ya ce wannan ɗan tsaiko ne da kowane babban kamfani yake gani. Ya faɗi haka ne a layin rabon dawar agaji, jakar hannu a hammata.

Da ya kawo dawar gida, Furera ta dubi kwanon, ta dubi maigida. "To, ga dawa. Da mi zan daka?"

A ranar duk Garhanga ta ga Mushe Ekonomi, da tabarau da komai, ya wuce ta gaban injinsa ɗauke da turmin aro a ka.