Birkin Baya na Injiniya Hambali

"Ni Hambali, in na taɓa birki, ko jirgin ƙasa ne sai ya durƙusa!"

Haka yake faɗa kullum a garejinsa na Ƙofar Wambai. Wai gareji! Inuwar ƙofar gidan Alhaji Isyaku ce, dillalin shanu, ya bar shi yana baje ƙarafansa. Kai da ka ga Hambali ka ga cika baki da ƙafafu: tabarau a goshi, sifana a aljihun gaba kamar biro.

A shekarun da Kano ta cika da shingayen sojoji ne, ko'ina buhunan yashi. Alhaji na da wata tsohuwar jif da yake shiga rugage da ita. Hambali ya matsa masa lamba.

"Alhaji, birkin ganga ya tsufa. Bari in sa mata na faifai a baya, irin na Turawa."

"To. Amma in ka lalata min ita, ka kwashe tarkacenka daga ƙofar gidana."

Kwana uku yana fama. Ya cire gangunan, ya ɗaura faifan gwanjo. Sai ga wayar birkin hannu tana reto, babu inda za ta kama, don a cikin gangar da ya yar take aiki. Baba Ɗanladi, tsohon bakaniken da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo.

"Hambali, wannan wayar fa?"

"Baba, wannan ta zamaninku ce."

Ya datse ta, ya kai wa matarsa ta yi igiyar shanya.

Ranar gwaji ya ɗauki Alhaji a gaba. Birkin ƙafa na ci, sai ya dinga takawa babu dalili, yana kallon Alhaji. A kan gangaren Jakara suka tarar da shinge, wani soja ya daka musu tsawa.

"Direba, kashe mota! Fito, hannu sama! Alhaji, kai zauna."

Gogan naka ya finciko sandar birkin hannu har sai da ta kusa taɓa rufi, ya fito yana murmushi.

"Ofisa, ka san wa ya haɗa birkin motar nan?"

Sojan dai bayan Hambali yake kallo. Hambali ya waiga. Jif ta kama hanya da baya, salun-alun, Alhaji a ciki ya leƙo da kai yana salati.

"Hambali! Hambali, ɗan banza!"

"Ofisa, in bi ta?"

"Wa ya ce ka sauke hannu?"

Haka Injiniya ya bi mota a guje hannuwansa a sama, tabarau na tsalle, masu shaguna suna riƙe ciki. Wata mai ƙosai ce ta cilla dutsen murhunta ƙarƙashin taya, saura taku biyu a faɗa kwata.

Alhaji ya fito hula a karkace, ya sunkuya ya ɗauki dutsen. Hambali ya matso.

"Alhaji, in kwashe kayan?"

"A'a, zauna abinka. Riƙe wannan."

Ya ɗora masa dutsen a hannu.

"Kafin Baba Ɗanladi ya mayar min da gangunana, duk inda zan je kana baya. Ina tsayawa, ka diro ka sa."

Wata biyu ba a samo gangunan ba. Har yau in jif ɗin ta tsaya a Wambai, sai ka ji an ce, "Alhaji, yau ba ka zo da birkin Turawan ba?"