Saƙon da Ya Iya Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Hassi ba, ko da zan manta abin da na ci jiya (na ma manta). Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan wahalar sabon kuɗi, damina biyu bayan ruwa ya kwanta a kan shinkafar mutanen Ngaski, lokacin da gwiwa ta raba ni da kasuwar Yelwa. Kafin nan bandar kifi nake yi tun ina da ɗa ɗaya, kuma ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Amma ku tambaya a bakin ruwa. Idan baƙi sun zo neman aure ni ake kira, in zauna gefe in saurari gaisuwarsu kawai, in faɗa wa masu gida ko mutanen kirki ne. Da wannan nake taƙama.

Asabe, ɗiyar ƙanena marigayi, malamar makaranta ce. Da ta ga zaman gida yana ci na, sai ta kawo min waya irin ta shafawa, ta sa min wani wasa a ciki. Fili ne kore a tsakiyar ruwa, ka gina abin da ranka yake so. Na ce mata ni ba yarinya ba ce. Tana fita na ɗauka.

Ni a kan gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogi, kafin a tare ruwa a Kainji a kwashe mu zuwa tudu. Ina da wayona lokacin, har ina ɗaukar ƙaramin tulu. Garinmu yana ƙasan tafki har yau, kifaye suna shiga ɗakin Innata suna fita babu mai ce musu kanzil. To a cikin wayar nan na sake kafa shi. Na jera rumbunan Babana guda uku, na shimfiɗa gonakin albasa a bakin yashi, na ja 'yar hanyar da ke gangarawa inda ake ɗaure jirage. Wasan ba shi da tsamiya, sai wani itace mai jajayen 'ya'ya, na ce masa daga yau kai ne tsamiya. Fiye da shekara ina wannan aiki. Da hantsi in kishingiɗa a inuwa, ruwan cikin wayar yana ɗan motsi, sai in soma jin daka daga gidan maƙwabta, in ji ƙamshin hayaƙin da ya mutu tun kafin a haifi Asabe. Sau da yawa nakan farka waya na kan ƙirjina, in rasa a wane garin nake.

Hassi jikar aminiyata ce, a Shanga aka yi bikin. Ranar wuni tsakar gida ta cika da mata, dangin ango sun zo daga Birnin Yauri, ni kuma an ba ni tabarma ta musamman. Na riga na zagaya da wayar hannu-hannu ina nuna musu garinmu, ina kiran sunan kowane gida. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara. Asabe na kusa, ta karɓa ta ce imel ne, ta karanta tana juya min da Hausa.

Kai, saƙon nan ya iya magana. A samansa ga farar saniyar nan mai ƙararrawa, wadda nake gani kullum in na buɗe wasan. Ya kira ni mai daraja, manomiyar da suke alfahari da ita. Ya yi fatan ina lafiya ni da iyalina, ya nemi afuwar damuna da ya yi. Sannan ya ce wasu miyagu suna ƙoƙarin shiga garina, in taɓa shuɗin rubutun da ke ƙasa in saka tsohuwar kalmar sirrina a canja min sabuwa, kafin faɗuwar rana, in ba haka ba a rufe komai.

Asabe ta ɗago ta ce, "Goggo, ke kika nemi a canja miki kalmar?"

Na ce a'a. Ta ce to ga alama ta farko, an kawo amsa ba a yi kira ba. Ta danna sunan mai aikowa ta ce sunan na masu wasan ne, amma adireshin da ke ɓoye ƙarƙashinsa na wani gida ne daban, bai yi kama da na saƙonninsu na baya ba. Ta ce masu wasa na gaskiya ba sa tambayar tsohuwar kalma ta imel, kuma wannan gaggawar ta faɗuwar rana ita ta fi ba ta tsoro. Shawararta ita ce a bar saƙon yadda yake, a shiga wasan ta ƙofarsa a canja kalmar a can. Hoton saniya kuwa, in ji ta, kowa zai iya liƙawa.

Da a ɗaki ta faɗa min, mu biyu, wataƙila da na ji. Amma ga dangin ango sun zuba min ido, har wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ai ni ce tsohuwar nan da ke gane mutum daga gaisuwa. Wannan raɗar ita ta ƙarasa ni.

Na ce, "Ke Asabe, karatu naki ne, sanin mutane nawa ne. Wanga ɗan gidan mutunci ne. Ba ki ji yadda ya tambayi iyalina ba?"

Aka kira ta wajen tukwane, ta tashi tana roƙona kar in taɓa komai sai ta dawo. Tana ba da baya na miƙa wa Kande mai lalle wayar, don ita tana ɗan haɗa baƙi. Ta goge yatsunta ta taɓa shuɗin rubutun. Na faɗa mata kalmar sirrin, sunan Innata haɗe da sunan gungunmu, da muryar da mai shela zai yi wa hassada (sirri ke nan, a gaban mata sun fi talatin).

Ba a gama rabon goro ba wani saƙon ya shigo. Kande ta karanta tana tuntuɓe. Layi biyu ne: an canja kalmar sirrinki, idan ba ke kika yi ba ki taɓa nan yanzu. Babu mai daraja, babu ya gida.

Na yi dariya na ce, "To ga ɓarawon ya iso. Ko sallama bai yi ba."

Daga nan na buɗe musu karatu a kan tarbiyya, yadda ake gane ɗan da ya samu rainon uwa daga bakinsa. Mata suna gyaɗa kai. Na sa Kande ta goge shi a gabansu.

Can gwaggon ango ta iso, babbar mace mai nutsuwa, ta ce ta ji labarin garin da ke cikin waya. Na gyara zama na taɓa saniyar. Ƙofa a rufe. Kande ta saka kalmar sau uku, wasan ya ce bai san ni ba. Asabe ta dawo hannunta na warin albasa, ta dubi fuskata. Ita ma tana da ɗan fili a wasan, maƙwabtan juna muke, tana iya leƙa nawa. Ta buɗe tata wayar ta ajiye a tsakiyar tabarma.

Ga garinmu nan, rana na haskawa a kan ruwansa. Muna kallo rumbu ɗaya ya ɓace. Sai na biyu. Gonakin albasa suka naɗe kamar tabarma, tsamiyata ta yi sama ta tafi. Wancan karon, da aka tare kogi a Kainji, ruwa wata da watanni ya yi yana hawa, muna zuwa a jirgi muna duba kawunan itatuwa. Wannan karon ko shayi bai huce ba. Asabe ta ce irin garin da aka daɗe ana ginawa sayar da shi suke yi, mai saye kuma ya share ya yi nasa.

Gwaggon ango ta tambaya a hankali, kuma na rantse ba da mugunta ba, "Inna, to wanne ne ɗan gidan mutuncin?"

Na ce gwiwata ta motsa. Na shige ɗakin amarya na juya wa bango fuska, na yi barcin ƙarya har la'asar, ina jin Kande a waje tana maimaita karatuna na tarbiyya da muryata. Ta iya ni ƙwarai.

Asabe ta tono saƙon nan marar sallama daga kwandon sharar waya, ashe shi ne na gaskiya. Ta rubuta wa masu wasan, suka yi ta tambayoyi, bayan Juma'a biyu aka mayar min da filina. Babu ɗaki ko ɗaya, sai wata doguwar hasumiya mai fitilu da baƙon ya kafa. Asabe ba ta taɓa cewa ai ta faɗa min ba. Sai dai tun daga ranar, in ta zo gaishe ni takan ja gaisuwar, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya har kaji, tana kallon ƙasa.

Yanzu in saƙo ya zo abu biyu nake tambaya: ni na kira shi, kuma daga gidan wa ya fito? Gaisuwa kuwa, na gane ɓarayi ma iyaye suka raine su.

Na soma sabon gini, sai na tarar abin da hannuna ya sani a karon farko ya fara zamewa. Na kasa tuna ko maƙera tana gaban masallaci ne ko bayansa. Waɗanda suka taka gungun nan da ƙafarsu saura mu uku. Akwai Gwamma a Ngaski, idanunta sun tafi amma tana jera gidajen da baki. Akwai Audu mai taru a Yelwa, wanda bai taɓa yarda da maganar Gwamma ba tun suna wanka a kogi. Ita ta ce gaba, shi ya ce baya. Sai ni. Maƙerar dai na ajiye ta a bakin ruwa, tana jiran su daidaita.