Gulmata a Jikin Bangon Rabi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je baje kolin masu zane ba. Ko na so mantawa, matan unguwarmu Aboabo sun ɗauki nauyin tuna min.

Rabi ce ta gayyace mu, 'yar Hajiya Azumi, shugabar ƙungiyarmu ta masu sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Shekara ashirin shagona yana jikin na Hajiya, tare muke karyawa, tare muke tsine wa masu taya kaya su wuce. Rabi ta karanci zane a jami'a, sai dai nata zanen babu fenti, babu buroshi. Wai da kwamfuta ake yi, kuma wai ba hoton ake kallo ba, tunanin ake kallo. Da Hajiya ta faɗa min haka sai na gyaɗa kai kamar abin da muke yi a gida ne kullum. (Ni ce fa 'yar bokon layinmu. Na yi aji uku a sakandare, na kuma taɓa kwana biyu a Accra.)

Na ci leshi, na sa sabon takalmi mai tsini wanda ya yi min kaɗan, na bar tabarau a gida don yana tsofar da ni. Tasi na ɗauka, ba trotro ba, bas ɗin kowa da kowa, kada masu zane su raina ni.

Wani babban zaure ne wajen Ashanti New Town. Nan talabijin tana nuna bokiti yana ɗiga, can wata tana nuna lambobi suna gudu ba mai korarsu. Mutanen Accra da Turawa sun tsaya suna kallo kamar an yi musu rasuwa. Ni ma na dafa haɓa na ce, "Hmm, wannan akwai zurfi paa, ba kaɗan ba." Wani mai tulin gashi ya juyo ya jinjina min. Na ji kaina ya ƙara girma.

Rabi ta zo ta durƙusa ta gaishe mu ni da Hajiya, ta kai mu gaban wani ƙaton farin bango. Babu komai a jikinsa, ko ƙusa.

"Anti, nawa ke nan. Bari in yi miki bayani, sai an shiga..."

"Haba 'yata, ni za ki yi wa bayani? Tun daga ƙofa na gane. Ma sha Allah, ko a Accra ban ga irinsa ba!"

Hajiya ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa. "Na san ke za ki gane, ƙanwata."

Ana nan takalmi ya fara cin ƙafata. Na zame, na zagaya baya, sai ga wani ɗan ɗaki da labule, kujera ɗaya da tabarma a ciki. An manna takarda a ƙofar da ƙananan rubutu. Babu tabarau, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ɗakin hutun manyan baƙi ne.

Na shiga na saki labule. Na cire takalmi, na tuɓe ɗankwali, na sa makullin shago na sosa kitson da ya yi sati uku, har ina lumshe ido. Na ciro tsiren da na ɓoye a jaka. Sannan na danna waya, na soma yi wa ƙawata Mariama saƙon murya da baki cike.

"Mariama, kin huta da ba ki zo ba. Shekara huɗu a jami'a, yarinya ta fito da bango! Bango fa, irin wanda mai gidan hayarmu ya ƙi yi wa fenti. Uwar kuma sai yawo take cikin Turawa kamar agwagwa ta sha lalle." Har na miƙe, ƙafa ba takalmi, na gwada tafiyar Hajiya. Sau biyu, don na farkon bai fito da kyau ba.

Na ji dariya daga zaure, na ce a raina ai bokitin nan ne ya cika.

Da na fito, takalmi a hannu, sai tafi ya ɓarke. Na waiga in ga wa ake yi wa. Farin bangon nan ya cika da mace, ta fi ƙofar masallaci tsayi, kai ba ɗankwali, tana sosa da makulli. Ashe akwai kyamara a ɗakin nan, na'ura tana maimaita duk abin da aka yi a ciki a jikin bangon. Muryata ta cika zauren: "kamar agwagwa ta sha lalle."

Rabi tana share hawayen dariya ta ce sunan aikin Gidan Haya, don a gidajen hayarmu na unguwannin zango labule ba ya riƙe sirri, kuma tun safe masu shiga sai su zauna kamar za a yi musu hoton fasfo. "Anti, ke kaɗai kika ba ni abin da nake nema." Wata Baturiya ta sa a tambaye ni ko gobe ma zan yi, da ƙarfe nawa.

Hajiya tana sahun gaba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sa takalminki, ƙasa da sanyi." Ta juya ta fita, a hankali, tana ƙoƙarin sauya tafiya.

Kwana uku muna shago ɗaya jikin ɗaya, sallama kawai. Ran na huɗu na bi ta gida bayan la'asar, na zube a tabarma na ce, "Yaya, ki yafe min, bakina ne." Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Agwagwar ce ta yi min ciwo. Bangon kam, ni ma da na haife ta ban gane shi ba."

In na ce muku na daina gulma, na yi ƙarya. Abin da na koya shi ne in bar yaro ya ƙarasa bayaninsa, kuma duk ɗakin da na shiga, sai na duba silin da kusurwa huɗu kafin in buɗe baki.