Ranar Da Na Shanya Jirgin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da zamanin da nake ji da kaina ba, lokacin da duk faɗin Haɗeja babu tambayar da za a jefo mini in ce ban sani ba. A majalisarmu ta bayan la'asar ni ne mai ba da dalili. Me ya sa albasa ke sa hawaye? Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Me ya sa idan mutum ɗaya ya yi hamma sai kowa ya kama? Kafin mai tambaya ya rufe baki na gyara zaman hula na fara. Rabin amsoshin daga littafin kimiyyar da na shekara ashirin ina koyar da 'yan aji biyar suke fitowa, sauran rabin kuwa daga cikina (Allah ya yafe mana). Har suna aka sa mini, Malam Dalili, ni kuma ina amsawa da fara'a.

To, wata bazara aka kawo surukina, Baba Audu, daga ƙauyensu da ke bakin gulbi a wajen Kirikasamma, domin a yi masa aikin ido. Shekara uku yana fama da yanar ido, ba ya ganin komai sai hazo-hazo. Aka yi aiki lafiya, likita ya ce ya zauna kusa na sati uku, don haka shi da matarsa Inna suka sauka a gidana. Kwana biyu da yin aikin aka aike ni ƙauyen in ɗebo musu kaya.

A can ne tsautsayi ya kai ni bakin ruwa. Sai na hango jirgin Baba, kwale-kwalen katako, a nutse cikin ruwa kusa da ciyawar kacalla, hancinsa kaɗai ke waje, duk gansakuka ta lulluɓe shi. Tambaya ta zo mini: me ya sa mutanen nan ke barin jirgi a nutse in ba a aiki da shi? Maimakon in tambayi wani, sai na tambayi babban masanin da na sani, wato ni. Nan take na ba kaina amsa: sakaci ne.

Na kira masuntan da ke gyaran koma a gindin bishiya, na ce su taimaka mu fito da shi. Maƙwabcin Baba, wani dattijo da ake kira Ɗan'azumi, ya ɗan sosa ƙeya.

"Anya, Malam? Mai shi haka ya bar shi fa."

"Ɗan'azumi, in tambaye ka. Me ke ruɓar da itace?"

"Ruwa."

"To jirgin nan da me aka yi shi?"

"Da itace."

"Yanzu a ina yake?"

Ya sunkuyar da kai ya ajiye komarsa. Ni kuwa na ɗauka na kayar da shi, ban san kunyar surukin gari ce ta rufe masa baki ba. Muka jawo jirgin, aka kankare shi tas, na sa aka kifa shi a kan duwatsu a inda rana ta fi dukan ƙasa. Ranar Haɗeja kuma a bazara, wadda in ka ajiye ɗanyen ƙwai a aljihu kafin ka isa kasuwa ya dahu. Na ja musu kunne kada wanda ya taɓa shi, kada kuma wanda ya gaya wa Baba, so nake in ba shi mamaki. Ko matata Hadiza ban gaya wa ba. (Ita da aka haifa a bakin gulbin nan. Da na buɗe baki na faɗa mata, da kalma uku ta cece ni.)

Sati uku suka cika, muka mayar da Baba gida. Gari ya fito tarba, mata na ta barka da arziki, shi kuma yana sanye da baƙin tabarau yana kiran kowa da sunansa tun daga nesa. Ban bari ya ko huta ba. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai wani ɗan abu da na tanadar maka a bakin ruwa." Jama'a suka biyo mu. Na lura Ɗan'azumi yana ta ja da baya.

Ga jirgi nan ya yi fari fat, ya bushe ƙayau. Na ƙwanƙwasa shi na ce, "Baba, ji ƙara! Ɗaga ka ji yadda ya yi sakayau. Na ƙara masa shekara ashirin."

Baba ya cire tabarau. Ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin jirgin, ya daɗe yana kallo. Daga baya na san abin da ya gani: hasken rana ne ke ratsowa layi-layi ta tsakanin katakan. Bai ce uffan ba. Ni kuma na fassara shirun da cewa farin ciki ne ya hana shi magana, na ce a tura jirgi ruwa, ni da kaina zan fara gwadawa. Na shiga da babbar rigata ta shadda da hular zanna, na karɓi filafili kamar wanda ya gaji tuƙi.

Ban yi nisan taku goma ba na ji sanyi a ƙafa. Kafin in duba, ruwa na tsartuwa ta gaba, ta baya, ta gefe, sai ka ce a cikin rariya nake zaune. Na cire hula na fara kwarfa. Ina zubar da hula ɗaya, goma na shigowa. Jirgi ya yi ƙasa da ni a hankali, riga ta kumbura ta taso kewaye da ni kamar laima. Ni da ban iya iyo ba na fara salati da ƙarfi, ina kiran sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Daga bakin gaɓa Ɗan'azumi ya ɗaga murya: "Malam! Miƙe tsaye!"

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Hadiza ce ta yi mini karatun a hanyar komawa, fuskarta a ɗaure. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, kowane ya matse ɗan'uwansa, ko ɗigo ba ya wucewa. In ya bushe sai ya tsuke, tsakanin katakan ya buɗe. Shi ya sa ake nutsar da jirgi in za a daɗe ba a hau ba. Kowace yarinya mai wanke-wanke a bakin gulbi ta san wannan.

Da tsukewa kawai ya yi, da an mayar da shi ruwa ya koma daidai. Amma katakon ƙasa ya tsage tun daga kai har gindi. An toshe da tsumma, an shafa kwalta, bai riƙe ba. Jirgin nan kuwa Baba ne ya haɗa shi da hannunsa, shi da ƙanensa da ya rasu, tun kafin a haifi Hadiza. Daminar nan sai da ya riƙa tsayuwa a bakin gaɓa yana jiran jirgin wani kafin ya haye zuwa gonarsa ta shinkafa. Na yi maganar a yi sabo, ya ce in bar shi. Yau jirgin na tsakar gidansa, a ciki ake zuba wa awaki harawa, kuma duk zuwan da na yi sai na wuce ta gabansa kafin in kai ga gaisuwa.

Har yanzu ina zama a majalisa, amma na koyi faɗin "ban sani ba", ko da yake tana maƙale mini a wuya. Na kuma gane cewa in ka ga mutane na yin abin da kake ganin wauta ne tun kaka da kakanni, ka tambaye su dalili kafin ka kawo naka.

Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Magana ɗaya ya yi, a ranar, lokacin da na fito ina ɗigar ruwa, taɓo har gwiwa, na durƙusa a gabansa na ce a yi haƙuri. Ya dube ni, ya dubi hancin jirginsa, ya mayar da tabarau a hankali.

"Ba komai, Malam. Shekara uku ina roƙon Allah ya buɗe mini ido. Da na san abin da zan fara gani ke nan, da na ce wa likita ya ɗan dakata."