Afil ɗin Malam Tanimu

A majalisar da muke zama bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji Isiyaku, tsohon hedimasta, nan Funtuwa, akwai kujera ɗaya mai hannu. Sauran duk benci ne. Wanda ke kan kujerar shi ne shugaba: shi ake fara gaisarwa, shi ke raba gardama, in an kawo abin taɓawa kuma shi ke fara sa hannu. Shekara da shekaru Malam Tanimu ne a kanta. Tsohon rajistaran kotu ne, ya yi ritaya amma Turancin kotu bai yi ritaya daga bakinsa ba. Ko gardamar ƙwallo ake yi sai ya ce "obaruld", wato an yi watsi da maganar, kowa ya kama bakinsa. Ni dai ban taɓa son wannan ɗabi'a tasa ba, amma ina gaishe shi.

To, sai ya tafi Kaduna aikin ido, ya daɗe wajen 'yarsa. Ranar da ya dawo, da sabon tabarau, ya tarar da Mudi mai kanti a kan kujerar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Mudi ne dai.

Malam bai ko amsa sannu da zuwa ba. Ya tsaya a tsakiyarmu ya ce, "Wannan zama ilegal ne. Haramtacce! Nol an boyid, kamar ba a yi ba. Ni ne lejitimet ciyaman na wannan majalisa, halastaccen shugaba, kuma ban yi murabus ba."

Mudi ya gyara zama ya ce, "Malam, ya jiki? Ga benci."

Malam bai ko dube shi ba. Ya juya wajen mai gida, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. "Alhaji Isiyaku, kai ka yi boko. Ina diyu furoses? An bi ƙa'ida? An ba ni notis? An ji ta bakina?"

Alhaji Isiyaku ya gama ɓare goronsa tukuna. Ya ce, "Ai ƙa'idar muka bi, Rajistara, ba mu kauce ko kaɗan ba. Ka tuna yadda ka hau?"

"Jama'a ce ta zaɓe ni."

"Ƙwarai. Ranar da ka sayo mana tsire, har da albasa. Muka ci, muka ce ka cancanta. To, shi Mudi rago ya yanka. Muka ci, muka duba, muka ga hujjarsa ta fi taka ƙarfi."

Ba wanda ya yi dariya. Mu da muka ci ragon duk muka sunkuyar da kai.

Malam ya tattara babbar rigarsa a kafaɗa, ya nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Shi ke nan. Ban yarda da wannan hukunci ba. Zan yi afil, sai na ɗaukaka ƙara har inda ƙarfina ya ƙare!"

Alhaji Isiyaku ya jefa goro a baki ya ce, "Haƙƙinka ne, Rajistara, ƙofa a buɗe take. Sai dai ka sani, daga kotun rago, ta gaba ta bijimin sa ce."