Jan Fulas Ya Rasu da Zazzaɓi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Auta, mai ɗinki a kamfanin tufafin bayan tasha, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar jan fulas ɗin gidansu. Ya cika ranar Talata a kan teburin gefen gadon Baba, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayin ya shigo gidan ne a hannun Inna, Allah ya jiƙanta, tun Auta ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Da Inna ta tafi, ƙafafun Baba suka ƙi ɗaukarsa, hannunsa ya kama rawa, sai ya zama daga Auta sai fulas ke riƙe da tsohon. Ita ta fita da safe ta dawo da yamma. Shi fulas ya zauna gadi.

Kowace safiya sau ɗaya take kunna risho. Ƙarfin da ke kwance cikin kananzir ya tashi ya zama wuta, wuta ta miƙa wa ruwa, ruwa ya gangara cikin marigayin, yana amsawa da "ƙul, ƙul, ƙul", muryarsa na ƙara sirancewa har ya cika. Daga nan amana ta koma wuyansa. Zafi kuwa ba mai son zama ba ne, duk inda ya ji sanyi can yake nufa. Marigayin ya tsare masa hanya. Cikinsa gilashi ne bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kaf, don kada zafi ya sami abin takawa ya tsallaka. An shafe bangon da azurfa kamar madubi, duk ɗumin da ya yunƙura a mayar da shi inda ya fito. Murfi ya toshe wa tururi ƙofa. Shi ya sa Baba ke shan maganin rana da shayi mai ƙona leɓe, ba tare da hannunsa mai rawa ya kusanci ashana ba.

Waɗanda suka taɓa marigayin sun san jikinsa kullum sanyi ƙalau. Wasu sun ɗauka rashin fara'a ne. Auta ta san masu irin wannan hali: ba sa ɓarnar ɗuminsu a kan mai wucewa, suna adana shi ne don wanda zai buɗe su.

Ciwon ajali ya zo ranar Lahadi, a aljihun Yaya mai walda, babban wan Auta, wanda ke leƙo gidan sau ɗaya a wata, ya tafi ya bar shawara. Ya ga gindin fulas ya yi tsatsa, ya ce aikin minti biyar ne. Ya kwance, ya tarar da wani ɗan tsini a ƙasan gilashin, kamar cibiya, yana hana sabon gindin da ya yanko zama daidai. A sana'arsa duk abin da ya turo kai datse shi ake yi. Ya sa filaya. Auta na wanke kofi ta ji ƙarar, 'yar ƙarama, "fiss". Ta nan aka zuƙe iskar tun a masana'anta aka liƙe, ta nan kuma iskar ta koma ciki. Wannan "fiss" ɗin ita ce kalmar marigayin ta ƙarshe.

Ranar Litinin da safe ta zuba ruwa, ta dafa jikinsa, ta ji ɗumi. Shekara ashirin da shida bai taɓa zazzaɓi ba. Ta naɗe shi da tawul ta tafi aiki da zuciya a baya. Baba ya sha ruwan da ya huce bai ce uffan ba, don kada a ce ya zama kaya. Ranar Talata sanyi ya kama masa ƙirji, ya ja jiki har gaban risho. Maƙwabciya ce ta ji faɗuwar tukunya.

Hannun Baba na dama yanzu yana cikin bandeji. Dangi sun zauna, sun yanke cewa Auta ba ta iya riƙo ba, tana barin tsoho shi kaɗai da wuta. Ta ce za ta sayi sabon fulas tun gobe. Aka ce ai ba maganar fulas ake yi ba. Yaya ya ɗaga marigayin yana nuna wa kowa ko tsagewa babu, ya ce shi ɗan tsini kawai ya cire. A gidansa Baba zai koma.

An ce zafi ba ya mutuwa, wuri yake sauyawa. Gaskiya ne. Yana nan cikin katakon tebur, cikin tawul, cikin iskar ɗaki, ya watsu inda babu mai iya tattaro shi ya zuba a kofi. Kada mai ta'aziyya ya zo mata da wannan a matsayin rarrashi.

Marigayin ya bar risho ɗaya mai fama da kunya, da kofi mai guntun hannu, da cokalin magani, da murfinsa wanda har yanzu ƙamshin shayin Inna bai sake shi ba. Ya kuma bar filaya, tana nan lafiya lau.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, da zarar motar Yaya ta fice da Baba da katifarsa. Auta za ta wanke marigayin da hannunta, ta naɗe shi cikin tawul ɗin nan, ta kwantar da shi a saman kabad kusa da akwatin Inna. Ba a buƙatar masu ɗauka, ba shi da nauyi. Wanda ya yi niyyar kawo sabon fulas ya riƙe abinsa, babu sauran wanda za a ajiye wa ruwan zafi a gidan. Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri, za a ba su ruwa, amma mai sanyi.