Nomau da Neman Makarantar Ladidi

A ƙauyen Tungar Maje, can bakin gulbi, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Shi ba mahaukaci ba ne, kuma ba rago ba ne, in aka shiga gona ba mai shan gabansa. Matsalarsa guda ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, ba ya juya ta, ba ya leƙa bayanta. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, sai ka tarar ya kifa fuska a kan murfi. Matarsa Tasalla, mace mai haƙuri da kaifin hankali, ita ke riƙe da gidan. 'Ya'yansu biyu, duk mata: Ladidi mai shekara tara, da Uwani wadda ba ta daɗe da fara wayo ba. Ladidi kuwa Allah ya ba ta kai, tun tana aji biyu take karanta wa uwarta rubutun jikin kwalin magani.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya, ruwa ya cinye gonar Nomau ya bar masa yashi. Ya kuma rushe makarantar ƙauyen. Malamin da ke zuwa a kan babur ya zo sau biyu ya tarar da kango, bai sake dawowa ba. Ladidi ta yi wata biyar tana rubutu da tsinke a ƙasa. Ran nan Tasalla ta ce, "Malam, gona dai ta tafi. Kada mu bari karatun yarinyar nan ya bi ta. Mu koma birni wajen Yaya Basiru." Basiru yayanta ne, direban tifa, shekararsa goma sha huɗu a birni. Suka ɗaure tabarmi da tukwane da randa guda, suka sauka a ɗakin ƙofar gidansa. Nomau ya sami aikin dako a kasuwa.

Wata rana Tasalla ta ce, "Malam, a birni unguwar da ka zauna ita ce makarantar ɗanka. Ka je ka nemo mana ɗaki kusa da makaranta mai kyau." Nomau ya fita tun da hantsi. Ya wuce makarantu shida, duk bangonsu ya koɗe, bai ko tsaya ba. Can wajen la'asar ya hango wata an shafe ta da shuɗi da fari, ga furanni a bakin ƙofa, ga zanen yaro riƙe da littafi a jikin katanga. Nan take ya kama ɗakin haya a bayanta. Suka kwaso kaya a kurar turawa. Ranar Litinin Tasalla ta yi wa Ladidi kitso, ta wanke ta tas, uban ya riƙe hannunta suka tafi. Suna shiga suka tarar da kujerun roba an jibge, mata na wanke manyan tukwane.

Maigadi ya ce, "Ai makarantar nan ta tashi tun bara."

Nomau ya ɗaga kai ya duba sama. "To ina ta sauka?"

"Bawan Allah, gidan biki ne yanzu."

"Amma dai tana da kyau," in ji Nomau.

Ladidi ba ta yi kuka ba sai da suka koma ɗaki. Wata biyu suka yi a nan, daga Alhamis zuwa Lahadi kiɗa kawai suke ji.

Wata rana Basiru ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya ce, "Nomau, fenti ba karatu ba ne. Ka nemi makarantar da ta yi suna." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya shiga gari ƙofa ƙofa yana tambaya, "Don Allah makarantar nan ta yi suna?" In aka ce masa ta yi, sai ya ce, "Yaushe? Rago aka yanka ko akuya?" Wasu su yi dariya, wasu su kore shi. A rana ta huɗu ya iso wata makaranta ya ga rumfa a tsakar fili, ana rabon goro da dabino, ga rago a rataye. Matar hedimasta ce ta haihu, gidansu kuwa a cikin makarantar yake. Nomau ya yi hamdala, ya ce yau ya gani da idonsa. Suka sake ɗaura kaya. A hanya kura ta faɗa rami, randar da Tasalla ta taho da ita tun daga ɗakin aurenta ta fashe. Ta tsuguna ta tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya. Makarantar kuwa malamai uku ne a kan yara kusan ɗari huɗu. Ladidi tana zama a ƙasa can baya, inda ba a jin muryar malami, ba a ganin allo. Bayan zango guda, abin da ta zo da shi daga ƙauye ma ya fara zubewa.

Wata rana wata maƙwabciyarsu mai sayar da ƙosai ta ga Tasalla ta yi tagumi, ta ce wa Nomau, "Kai maigidan nan, ba a zaɓen makaranta da ka. Ka je inda ake cin jarrabawa." Wannan ta ba shi wahala, don ya yi mako guda yana leƙa tagogi bai ga yaron da ya kai takarda baki ba. Sai ran nan a gefen gari ya ga wata makaranta marar katanga, an zubar da tarin takardu a bayan aji, awaki sun kewaye su suna ta tauna. Ya ɗauki guda ya nuna wa wani mai wucewa.

"Wannan mene ne?"

"Takardar jarrabawa ce."

Nomau ya dawo gida da gudu. "Tasalla, na samo! Can har awakinsu cin jarrabawa suke yi."

Tasalla ta so ta je ta gani da kanta, amma Uwani na kwance da zazzaɓi, ga shi mai gidan haya ya ba su wa'adi. Suka koma can. Awakin nan a cikin azuzuwa suke kwana, yara su share kashi da safe kafin a zauna. Malamai sukan zo in sun ga dama. A sati na biyu Ladidi ta fita shan ruwa, ta dawo ta tarar wani bunsuru ya cinye mata littafin lissafi, ya bar bango. Ta kawo bangon gida ta ajiye a gaban ubanta. Ya juya shi, ya juya shi, ya ajiye.

Wata rana Tasalla ta yafa gyale ta yi tambaya da bakinta, aka kwatanta mata wata babbar makaranta a unguwar ma'aikata, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ta tura Nomau. Shugabar makarantar ta dube shi daga hula har silifa, ta ce, "Malam, ba ma ɗaukar yaro sai iyayensa na zaune a unguwar nan." Nomau ya yi godiya ya fito. Ya sami gindin wata darbejiya daura da ƙofa, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Bai je kasuwa ba ranar, bai je washegari ba. Ba ya tashi sai salla. A rana ta uku hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mutane na gudu, shi yana zaune. Shugabar ta fito za ta shiga mota ta gan shi jiƙe sharkaf.

"Kai kuma me kake yi a nan?"

"Hajiya, ina zaune a unguwar. Yau kwana uku. In kawo ta?"

Ta ce, "Ba wannan zaman ba, Malam. Gida nake nufi." Ɗakin unguwar kuwa ko ya shekara goma yana dako ba zai iya kama shi ba. Ya koma gida da mura da ciwon ƙirji, ya yi kwana tara a kwance. Wanda yake wa dako ya ɗauki wani.

Daga nan gidan ya yi shiru. Ladidi ta daina maganar makaranta, ta koma taya uwarta surfe da wankau a gidajen mutane. Tasalla ta fara ɗaure kaya. Ta ce, "Malam, mu koma Tungar Maje. Can ko yashi ne, namu ne." Nomau ya ce to, amma abinci ya ƙi shiga bakinsa. Ya san shi ne ya ja, bai dai san ta ina ba.

Wata rana, ana saura mako su tafi, Basiru ya zo sallama. Ransa a ɓace ya ce, "Nomau, duk wahalar nan don ka ƙi tambayar masu abin ne. Da ka bi malamai da ba haka ba. Su suka san makaranta." Nomau ya ce, "To, Yaya." Washegari da azahar ya koma ƙofar babbar makarantar nan. Da aka tashi, wani malami ya fito da jaka a hammata, Nomau ya bi shi. Malamin ya tsallaka titi, ya tsallaka. Ya shiga lungu, ya shiga. Suka yi tafiya mai nisa har unguwar maƙera, inda malamin ya tsaya a wata makaranta mai bangon ƙasa da rufin kwano mai tsatsa, ya ɗauki yara biyu ya wuce. Kashegari Nomau ya bi wani malamin, mai keke, yana gudu yana haki a bayansa. A rana ta uku ya bi wani dogo mai tabarau, Malam Sha'aibu. Shi wannan ya waiwaya sau uku ya ga mutum ɗaya a bayansa, suna isa ƙofar makarantar nan mai bangon ƙasa ya ƙanƙame jakarsa ya yi ihun ɓarawo. Kafin a ce kwabo maƙera sun fito. Aka kai Nomau ƙasa, aka fasa masa leɓe, ido ɗaya ya rufe. Da ƙyar Malam Sha'aibu ya janye mutane.

"Me na yi maka kake bina?"

"An ce in bi malamai."

"Ka bi mu ina?"

"Ni ma ban sani ba, Malam. Amma ku uku na bi, kuma duk nan kuka tsaya." Ya nuna makarantar mai bangon ƙasa. "Can kuke koyarwa, nan kuke ɗaukar 'ya'yanku. Ko hanyar gida ce kawai?"

Malam Sha'aibu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce a hankali, "Ba hanyar gida ba ce. Can aiki muke yi. Nan kuwa akwai wata tsohuwar hedimasta da ba ta barin yaro ya wuce aji bai iya karatu ba." Ya kama hannun Nomau ya tashe shi. "Kana da ɗa ne?"

"'Ya ce. Shekara guda ke nan ina ɓatar mata da hanya."

Shi Malam Sha'aibu da kansa ya kai Ladidi gaban tsohuwar. Ta miƙa mata littafi, yarinyar ta karanta tana sarƙewa. Aka ɗauke ta, amma aka mayar da ita aji biyu, cikin yaran da ta fi tsawo. Wani maƙeri daga cikin waɗanda suka yi dukan, kunya ta sa ya ba su ɗaki a bayan maƙerarsa, ya kuma ɗauki Nomau aikin zuga wuta. Ɗakin na yoyo, hayaƙin gawayi ba ya fita daga tufafinsu, idon Nomau na hagu kuma bai sake gani sosai ba. Tasalla ta kwance kayan da ta ɗaure.

Basiru bai taɓa tayar da maganar bin malamai ba. Sai da aka koma sabon zango, ran nan da safe Nomau ya raka Ladidi, ya hango tifa ta tsaya nesa da ƙofar makaranta. Basiru ya sauko da 'ya'yansa uku cikin sababbin kayan makarantar, yana waige-waige. Suka haɗa ido.

Nomau ya ce, "Yaya, kai kuma wa ka biyo?"

Basiru ya sunkuyar da kai, ya gyara wa ƙaramin ɗansa wuyan riga.

"Kai na biyo," in ji shi.